Bangon Tsohon Gidan Waya

"Ba nan ba, ƙasa kaɗan. Ke dai hannunki sai almakashi," muryar Injiniya ta fito daga wayar, a shaƙe.

Tela ta sunkuya, ta sake ƙwanƙwasa bangon da 'yar gudumar Injiniya, ta kara wayar a jikin filasta. Ma'aikata huɗu na tsaye bayanta da manyan gudumomi, suna ƙunshe dariya. Ita kanta kunya ta ishe ta. Da girmanta da tsufanta, ga ta a durƙushe cikin ƙura tana yi wa bango sallama.

Shekara ashirin ita da Injiniya suna maƙwabtaka, shi yana ƙorafin ƙarar keken ɗinkinta, ita tana yi masa tsiyar cewa ya fi son tsofaffin gine-gine a kan mutane. Mai zanen gini ne, amma bai taɓa zana sabo ba, sai dai ya ceto wanda aka fid da rai da shi. Tsohon gidan wayar nan da ake mayarwa ɗakin karatu shi ne aikinsa na ƙarshe. Tun da ciwo ya kwantar da shi, ɗan kwangila ya ga tsaga a bangon baya, ya ce yau sai an rushe. 'Yar Injiniya ba ta iya barin gefen gadonsa, shi ya sa Tela ta ajiye ɗinki ta zo.

"Mama, don Allah ki matsa," in ji ɗan kwangilar. "Ko makaho ya shafa tsagar nan ya san bangon ya gama yawo."

"Ɗana, ka yi mini shiru, mutum yana saurare."

Ta ci gaba, taki ɗaya bugu ɗaya. Can sai ƙarar ta sauya, ta koma kamar ta tulun da ba ruwa. Ta ɗauke wayar daga bangon, ta kara a kunne.

"Injiniya? Kana ji na?"

"Sake bugawa." Ya yi tari mai tsawo. "Yauwa. Filasta ce ta saki, dutsen lafiyarsa lau. Ki ce ya ɓare faɗin tafin hannu kawai. In ya ga tsaga a ciki, ya rushe, na yafe."

Ɗan kwangilar ya ja tsaki, ya karɓi kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya soma ɓarewa. Filasta ta zubo, sai ga sassaƙaƙƙen dutse, ko gezau. Ya ƙara ɓarewa ba wanda ya sa shi. Wata doguwar taga ce ta bayyana, mai lanƙwasa a sama, wadda aka toshe da bulo tun kafin a haife shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa yaransa, "Ku ajiye gudumomin nan."

"Taga ce, Injiniya!" Tela ta faɗa, hawaye na zubo mata.

"Na sani," ya ce. "So nake wani ya gani."

Kwana biyu bayan haka Injiniya ya cika, da hantsi, hannunsa cikin na 'yarsa. Tela ta yi kewarsa ƙwarai, ta yi sati ba ta hau keke ba.

Ranar da aka buɗe ɗakin karatun ta je, ta samu kujera a can baya. Rana ta shigo ta tagar, ta kwanta a gefen wani dogon tebur. Wata yarinya da ke karatu ta ja littafinta zuwa cikin hasken, ko kai ba ta ɗaga ba.