Sunan da Fopen Ya Cinye

Ranar da motar haya, matatu, ta kaɗe Mutiso a hanyar Ngong, kwamfutarsa tana kunne a ofishinmu. Manhajar naɗar murya yake rubutawa, tana mutuwa kafin ta adana komai, sai ya tsayar da ita cak a cikin gdb, inda muke bin sawun kuskure, ya fita sayen gurasar capati.

Kowa ya san yadda Mutiso ke gwada makirfo. Sunan matarsa yake kira, "Ndinda", sannan ya ƙirga zuwa uku. Har tsiya muke masa, wai ko bashi take bin sa.

Bayan an kai gawarsa Machakos an binne an dawo, sai ga Ndinda a ofis da ɗanta a goye.

"Kowa Maman Kioko yake ce mini," ta ce. "Shi kaɗai ke kiran sunana. An ce yana cikin nan."

Wallahi sunan yana ciki, da muryar Mutiso, a ƙwaƙwalwar manhajar, muddin ba a kashe ta ba. Wekesa, babbanmu, ya ja kujera.

"Zauna, 'yar'uwa, yanzun nan za ki ji shi."

Ya yi abin da dukanmu muke yi ba tunani. Daga cikin gdb ya kira fopen, ɗaya daga ayyukan da yaren C ke zuwa da su, ya buɗe fayil, ya kira fwrite ya juye muryar. Ina tsaye a bayansa, na ga komai daidai.

Ashe kuskuren da Mutiso ke farauta ke nan: manhajar tana sakin wurin da muryar take tun kafin ta adana. A ganin injin fili ne ba mai shi. Da fayil ɗin ya nemi wurin ajiye tarkacensa, farkon wurin nan aka yanka masa, daidai inda sunan yake.

Wekesa ya kunna. Ƙara ta fito, ƙiii, kamar rediyon da ya ɓata tasha. Sai muryar Mutiso, tas: "...ɗaya, biyu, uku."

Wekesa ya dafe kai. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba.

Ndinda ta gyara goyo, ta matso da kunnenta jikin lasifika.

"Maida shi farko, yayana," ta ce. "Ina jin ban saurara da kyau ba."