Dutsen da Aka Gasa

Dijatu ta shigo gidan ƙanenta Abdulshakur a Mabera ana dab da kiran azahar. An shimfiɗe rabin tsakar gidan, daga ƙofar ɗakin mahaifinsu zuwa bakin famfo. Sauran rabin yashi ne da ɓaraguzai da buhunan siminti. Mode, mai aikin, yana tsugune yana yanka da inji.

Mahaifinsu, Malam Gidaɗo, ya dawo gidan ne bayan idonsa ya mutu. Ga kuma ciwon fata da ya sa likita ya hana ruwa taɓa hannunsa da fuskarsa, don haka taimama yake yi kowace salla, a ƙasar ƙofar ɗakinsa. Da aka zo da maganar shimfiɗe tsakar gida saboda laka da damina, sharaɗi ɗaya ya kafa: a sa dutse. In ba haka ba, zai koma ƙauyen Kwalkwalawa wajen ƙanensa Na'Allah, inda ƙasa take ƙasa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Can babu mai kai shi asibiti, babu mai lura da maganinsa. An ce za a ajiye masa dutsen taimama a ɗaki, ya ce ba zai zauna gidan da sai an miƙo masa ƙasa kamar goro ba.

Dijatu ta duba shimfiɗar. Toka-toka ce, mai kaushi, da zane-zane irin na dutse. Ta sunkuya ta ɗauki wani guntu da ya faɗo daga injin Mode, ta juya shi. Cikinsa ja ne, kamar fasasshen tulu.

Ta sami Abdulshakur a bakin zaure, ta ɗaga masa guntun.

"Wanga mi na?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ko gaisawa ba mu yi ba."

"Mun gaisa. Mi na?"

"Dutse. Haka sunanshi yake a shago. Ki tambayi Mode."

Mode ya kashe inji. "Hajiya, haka muke ce mai. Akwai mai katako, akwai mai dutsi. Wanga mai dutsi na." Ya dubi fuskokinsu, ya ɗauki butarsa ya fita.

Dijatu ta rage murya. "Tayil na. Yumɓu na da anka gasa. Kai da ka tashi gaban Malam ba ka san abin da wuta ta gasa ba a taimama da shi?"

"Na sani."

"Ka sani."

"Na je na ga dutsen da idona, Yaya. Babu biyu masu kauri ɗaya. Bakinsu kamar wuƙa. Ko an daidaita shi sai wani ya ɗaga. Kin manta faɗuwar da ya yi bara a kan dakali? Ke kika kwana asibiti ko ni? Wannan lafiya lau yake, ba tudu, ba santsi ko an jiƙa."

"Sai ka ce mai dutsi na."

"Na ce masa sunan da ake kiransa."

"Allah Ya shirye ka. Tun yaushe yake dafa shi?"

Abdulshakur ya kawar da kai. "Tun da siminti ya bushe."

Ladan ya fara kira daga masallacin unguwa. Dukansu suka juya wajen ɗakin. An ji sanda ta bugi ƙafar gado.

"Ka faɗa mai, ko in faɗa," in ji Dijatu.

"In ya ji zai tafi. Kin san shi. Ba zai kai damina a can ba."

"In bai ji ba, sallolinshi a wuyan wa?"

Labule ya motsa. Malam Gidaɗo ya fito, dogo, a rame, hannunsa fari fat da magani. Ya tsaya ya saurara.

"Ke ce kika zo?" Bai taɓa kiran sunanta ba, ita ce 'yar fari.

"Ni ce, Baba. Ina wuni?"

"Lahiya lau. Abdu na nan?"

"Ga ni, Baba."

"To."

Ya jingine sandar a bango. Ya dafa gwiwa, ya durƙusa a hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Ya naɗe hannun riga. Dijatu ta dubi ƙanenta. Abdulshakur yana kallon tafukan tsohon. Malam ya yi bisimilla a ciki, leɓɓansa kawai suka motsa. Ya ɗaga hannuwan, ya fara sauke su.

"Baba, dakata," in ji Abdulshakur.

Hannuwan suka tsaya a sama.

"Ba dutse ba ne. Tayil ne. Ni na zaɓe shi, kuma na sani."

Wani Keke Napep ya wuce a waje yana ƙara. Malam ya mayar da hannuwansa kan cinya.

"Na sani," ya ce.

Dijatu da Abdulshakur suka dubi juna.

"Tun ranar farko. Na shafa wanga, na ji tsaga nan gefen dama. Na shafa na kusa da shi, tsaga nan gefen dama. Na ukku ma haka. Allah bai yin dutsi biyu iri guda, Abdu. Masu inji ka yin haka."

Dijatu ta ce, "To Baba, sallolin fa?"

"Ban yi ko ɗaya da shi ba. In na dafa nan don Abdu ya gani, sai in jira ya tahi ohis, ko ya shige ciki. Sannan in bi bango zuwa gindin dogonyaro."

Abdulshakur ya juya. Dogonyaron yana can ƙarshen gidan, bayan tulin ɓaraguzai, da ramin da aka haƙa don bututu, da sandunan rodi a kwance. Sai yanzu ya lura da ƙujewar da ke ƙaurin mahaifinsa, sabuwa, ba ta gama bushewa ba.

"Na kira Na'Allah," in ji Malam. "Shina zuwa da mota bayan Juma'a. Ba don tayil ba. Na ce in na kai Juma'a ana kallona ina dafa yumɓu ba a ce uffan ba, to ba ni da ɗa a gidan nan, mai gida gare ni."

Abdulshakur ya tsuguna gabansa. "Baba, a yafe mani. Yau za a fasa shi duka. A kawo dutsen."

"A fasa don mi? In karye?" Ya laluba ya buga wanda ke gabansa da yatsa. "Ƙafata ta yarda da shi. Hannuna na bai yarda ba. Ka cire wanga guda. Kar a sa komi. A bar min ƙasa."

Mode bai dawo daga masallaci ba. Abdulshakur ya ɗauko guduma da kurfi daga kayansa, ya cire agogo ya miƙa wa yayarsa. Bai iya aikin ba. Tayil ɗin ya tsage, simintin ƙarƙashi ya yi gardama, ya bugi babban yatsansa. Da jar ƙasa ta bayyana, ya share ɓurɓushin da gefen hannu.

Malam Gidaɗo ya miƙa tafukansa ya dafa. Ya shafi fuska. Ya sake dafawa, ya shafi hannuwa zuwa gwiwar hannu. Sannan ya nemi sandarsa.

"Ke, wayarki na kusa?"

"Tana nan, Baba."

"In an sallame ki kira Na'Allah. Ki ce kar ya ɓata man motarshi."