Tayin Fatar Baki a Hanyar Valasht

Tun da likita ya gaya wa Farzane cewa hasken idonta tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne, abu ɗaya ta ƙwallafa rai a kai: ta ga tafkin Valasht da rana tsaka, ita da mijinta Hushang su biyu, a can kuma ta gaya masa. Bai sani ba. Duk sanda ya ga tana laluben makunnin fitila ya tambaya, sai ta ce, "Ba komai, kada ka damu kanka." Shi kuma ya yarda, domin yarda ba ta da wahala.

Ranar ƙarshe ta hutun Nowruz, bikin sabuwar shekarar Iran, ranar da duk mai ƙafa a garinsu Karaj ke fita shan iska, suka loda mota da sassafe. Suna shirin tashi sai ga maƙwabcinsu Aga Nusrat, tsohon malamin makaranta, ya dawo da burodi a hammata.

"Aga Nusrat, bisimilla, mu je arewa tare," in ji Hushang.

"Allah ya kiyaye hanya, ba zan takura muku ba."

"Wace takura? Motar taka ce."

"Na gode, Allah ya bar zumunci."

Nan ya kamata a tsaya. Ko yaron goye ya san yadda ake ta'arof: ka yi tayi a ƙi, ka sake a ƙi, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Amma Hushang ya hango matar gidan sama tana leƙe ta taga, sai kansa ya kumbura. Ya dafa ƙirji ya ce, "Na rantse da ran 'ya'yana, in ba ka shiga motar nan ba, ba inda za ni."

Fuskar tsohon ta faɗi. Ya dubi burodinsa, ya dubi ƙofar gidansa, ya nufo mota kamar mai zuwa cire haƙori.

Sai aka shiga rigimar kujerar gaba. Aga Nusrat ya ce gara ya mutu da ya tayar da uwargida Farzane. Hushang ya ce gara shi ya mutu da baƙo ya zauna a baya. Ba wanda ya mutu. Farzane ce ta koma baya, tukunyar shinkafa a cinya.

A hanyar Chalus kuwa, kai ka ce duk Tehran ce ta yi ƙaura. Motoci na jan ciki tsakanin duwatsu, ƙanƙara fara sol a ƙwanƙolinsu, ruwan dam kore shar a ƙasa. Farzane tana ta kallo, tana tarawa kamar mai ɗibar ruwa kafin a ɗauke famfo, tana kuma duban inda rana ta kai.

Kusa da ramin Kandovan, inda hanya ke ratsa cikin dutse, suka tsaya shan faten taliya da wake. Shan bai ɗauki lokaci ba, biyan ne ya zama kokawa. Hushang ya riƙe hannun Aga Nusrat, Aga Nusrat ya danne aljihun Hushang, mai abincin kuma, don kada a bar shi a baya, yana ta cewa, "Ku bar shi, bai kai a biya ba," hannunsa a miƙe. A ƙofar banɗaki ma sai da suka tsaya, wannan na cewa ka fara, wancan na cewa Allah ya kiyaye, har wani direban babbar mota ya ratsa tsakaninsu ya shige.

"Hushang, rana fa tana tafiya."

"Farzane tawa, tafki ƙafa gare shi? Ina zai je?"

Bayan Marzanabad hanya ta rabu biyu. Hushang ya san hanyar sarai, amma girmamawa ta sa ya tambayi malam. Malam bai taɓa zuwa ba, amma malami ba ya cewa ban sani ba a motar mutane, sai ya nuna hagu. Hushang ya ga hagu ba hanya ba ce, ya kuma ga bai dace ya ƙaryata baƙo ba, ya bi hagu. Suka yi ta hawa har kwalta ta ƙare a bakin garken wani makiyayi, wanda shi ma ya yi musu tayin shayi.

Ko da suka iso tafkin, rana ta riga ta faɗa bayan dutse. Mutane na naɗe darduma. Farzane ta fito, ta ji ƙamshin ruwa da hayaƙin gawayi, ta ji kwaɗi. A gabanta kuwa toka-toka ne kawai, ba ta iya raba ruwa da dutse.

Hushang ya buɗe hannuwa kamar shi ya haƙa tafkin. "To, ga shi! Ya kika gani?"

"Masha Allahu" ta zo mata har bakin leɓe. Ta haɗiye ta.

"Ba na ganinsa, Hushang. Idona tafiya yake. Da magariba ba na ganin komai, likita ya ce baɗi war haka wataƙila har da rana. Shi ya sa nake ta ce maka rana."

Hushang, wanda bai taɓa rasa kalma mai daɗi ba, ya sauke hannuwansa. Can ya juya wajen tsohon.

"Aga Nusrat, mu a nan za mu kwana, a mota, sai gari ya waye. Ga wasu can za su Karaj, ka bi su."

"Allah ya yi maka albarka! Ni fa 'yata ta dafa mini abinci tun safe take jirana." Tsohon ya yi gaba da sauri, ko tayin tsayawa bai yi ba.

Hushang ya kama hannunta ya kai ta bakin ruwa, ya zaunar da ita a kan dutse.

"Kina jin sanyi?"

"Ina ji."

Ya cire kwat ɗinsa ya miƙa mata. Ta karɓa a tayin farko.