Kumburin Da Ya Ƙi Nuna

Duk Mahuta babu wanda bai san hannun Malam Manu wanzami ba. Maruru ne ko ƙurji, da ya dafa da yatsu biyu zai gaya maka ya nuna ko da saura. In ya nuna, a gasa ƙarfe a yi sakiya, mugunya ta fita, mutum ya koma gonarsa. In bai nuna ba, a shafa magani a jira. Haka ya gada, kuma ba a ja da shi a kan sana'arsa.

To, da muƙamuƙin jikarsa Ummi ya fara tasowa a tsakiyar damina, sai ya dafa ya ce a jira. Aka jira. Abu ya ƙi nuna, sai girma yake kamar ana hura shi. Haƙoranta suka soma girgiɗi, idon hagu ya fara rufewa. Yarinyar da ba ta barin tsoho ya sha fura a natse don tsokana ta koma sai kallo da ido ɗaya. Ran da haƙurinsa ya ƙare ya gasa ƙarfe ya soka. Ko ɗigon mugunya babu, jini ne kawai. Tunda yake bai taɓa ganin kumburi irin wannan ba.

Daga asibitin Funtua aka tura su Zariya, shi da Mannir mahaifin yarinyar. Likitar da ta karɓe su, Dakta Ozioma, haifaffiyar Funtua ce, Hausa radau a bakinta. Ta duba tabon sakiyar. Ta ɗebi ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba daga cikin kumburin. Da sakamako ya fito ta kira Manu.

"Baba, zo ka leƙa nan."

Ya kanga idonsa a madubin likita. Sai ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan bula, birjik, sun cunkushe kamar tsabar wake a faifai. Ya ɗago ya sake leƙawa.

"Ikon Allah! Duk wannan a cikin ɗan abin nan?"

"Da irinsu aka gina jikin kowa, Baba. Suna hayayyafa, in sun isa su tsaya. Waɗannan kuwa sun manta da tsayawa. Shi ne ciwon daji. Amma irin nata, gaggawarsa ce ajalinsa, don maganin da za mu ba ta masu gaggawar yake bi."

"Ba yanka?"

"Ba yanka."

Manu bai yarda ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya zauna yana kallon ruwan magani na ɗiga ta wata siririyar roba zuwa bayan hannun Ummi. Ciwo a fuska, magani a hannu! Amma kafin mako ya zagayo fatar kumatun ta saki. Kullum da safe sai ya dafa da yatsun nan nasa, kullum ya ji an rage. Ina abin yake tafiya? Ba kafa, ba jini, ba komai a tsumma. Wata safiya idon ya buɗe, ta dube shi da duka biyun ta ce, "Kaka, ka ƙara muni." Tsoho ya fita baranda ya yi ta tasbihi.

Sai Mannir ya ce a tafi gida. Masara ta bushe a gona, yarinya ta warke, ga maganin na sa ta amai, gashinta duk ya zube.

"Baba, kai kake cewa in kumburi ya sace an gama."

"Na faɗa. A kan abin da hannuna ke ji na faɗa. Wannan na leƙa na gan shi, Mannir. Ƙwaya nawa za ta ɓuya yatsana bai sani ba? Irin ciyawar ƙuduji ne, ka tuge na sama, na ƙasa yana jiran damina. Je ka cire masararka. Mu ba inda za mu sai likita ta ce."

Haka aka yi ta zarya tsakanin Mahuta da Zariya har rani ya shigo. Yarinya ta rame, ta galabaita, ta sake murmurewa. A gwajin ƙarshe Dakta Ozioma ta ce ba su ga komai ba, sai dai a riƙa kawo ta ana dubawa.

A motar komawa, sun wuce Giwa, Ummi ta yi barci a cinyarsa, ɗankwalinta ya zame. Ya ɗora hannu zai gyara, sai ya tsaya cik. Gashi ne ya tsiro, laushi luɓus, a kwance. Ya san wannan gashin. Shi yake aske wa jarirai ranar suna, ba ya fitowa a kan ɗan Adam sau biyu.

"Mannir," ya ce, "taɓa ka ji. Sabuwa aka ba mu."

Mannir ya taɓa, ya juya fuskarsa wajen taga.