Shafin da Ya Yage

"Ka samo?" in ji Malam, tun tela bai tuɓe takalmi ba.

Ya samo cikakken kwafin littafin, can ƙasan kwalin wani mai tsofaffin littattafai. Shekara talatin Malam ya yi yana koyarwa da littafin karatu ɗaya, wanda shafin ƙarshe na tatsuniyar jaki da makahon kare ya yage. Shi ya ƙirƙiro mata ƙarshe: jakin ya goya karen, sun haye kogi lafiya. Haka tela ya ji ta a aji uku. Yanzu idon Malam ya tafi, ƙafafu sun kumbura, abu ɗaya yake roƙon maƙwabcinsa tela: ya ji yadda ta ƙare da gaske.

Tela ya riga ya leƙa shafin a hanya. Ruwa ya cinye jakin, karen ya girgije jiki ya yi gaba.

'Yar Malam ta gyara masa matashi, ta janye kofin magani. Tela ya zauna bakin gado, ya fara karantawa. Da ya iso shafin sai ya ɗauke ido daga takardar, ya hayar da su kogi sumul, yadda aka koya masa.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, maƙaryaci! Yaushe ka taɓa karanta layi uku ba ka yi tuntuɓe ba?"

"Ai na girma, Malam."

"Ƙeyarka ce ta girma. Karanta min abin da ke nan."

Ya karanta, da yatsa bisa layi, yana cijewa.

"Ashe kashe shi suka yi," in ji Malam. Ya daɗe yana shafa bakin bargo. "To, yara nawa ke nan na yi wa ƙarya?"

"Har yau ba wanda ya kawo ƙara, Baba," in ji 'yar.

"Nawa ya fi kyau dai," in ji Malam.

"Nesa ba kusa ba," in ji tela.

Ranar Laraba da hantsi Malam ya cika.

Bayan kwana uku tela ya buɗe shago, bai taɓa ɗinkin kowa ba. Ya karɓo tsohon littafin wurin 'yar, ya rubuta ƙarshen da Malam ya ƙirƙiro a farar takarda, rubutun duk a karkace. Ya saka ta inda shafin ya yage, ya sauke allura, ya fara taka keken ɗinki a hankali.