Baturan Asibiti a Shagon Ƙanƙara

Wasila ce ke karɓar haihuwa a ɗan asibitin wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi. Wutar gwamnati ba ta taɓa zuwa garin ba, amma wata ƙungiya ta jera musu faifan sola a kan rufi, ta ajiye manyan batura a ɗakin baya. Su ke riƙe da fitilu da firjin magani. A firjin ake ajiye rigakafin yara da allurar tsayar da jini bayan haihuwa, wadda ba ta jure zafi.

Da azumi ya kama cikin tsakiyar bazara, sai ga Alhaji Halliru, shugaban kwamitin asibitin, da amalanke da maza biyu. Yana da shagon ƙanƙara a bakin kasuwa, baturansa kuwa sun mutu daidai lokacin da kowa ke neman ruwan sanyi don buɗa-baki.

"Aro ne, ɗiyata," in ji shi. "Bayan Salla a maido."

"Alhaji, in aka cire su firjin zai mutu. Allurai za su lalace."

"Ga rana nan tana dukan kwano, mi kike so kuma?"

"Firjin ba ya tashi in babu batir."

Ya kalle ta sama da ƙasa. "Ni na sa hannu aka kawo ki garin ga. Buɗe ɗakin."

Ta buɗe. Ɗaya daga cikin mazan da suka cicciɓi baturan shi ne Yari, wanda ke noma wani yanki na gonar Alhaji. Matarsa Suwaiba na zuwa awo wurin Wasila, cikinta ya tsufa. Har suka tura amalanken bai ɗaga kai ba.

Wasila ta buga wa shugabanta waya a Bungudu, ya ce ta yi haƙuri, zai yi magana da Alhaji. Bai yi ba. Ta zuba allurai a kula mai riƙe sanyi, kullum tana aikawa a sayo mata ƙanƙara daga shagon Alhajin, amma kafin la'asar ta zama ruwa mai ɗumi. Ta roƙi a aiko da sababbin allurai, aka ce na wannan zangon an riga an ba ta.

Ana saura mako Salla aka kawo Suwaiba da hantsi. Haihuwar ta zo da sauƙi, namiji. Sai jini ya ɓalle. Wasila ta yi mata allura, ta murza mata ciki, jini bai tsaya ba. Ta ƙara wata. Zani na uku ya jiƙe sharkaf.

"Inna, a nemo mota!" ta daka wa uwar Suwaiba tsawa. "Gusau za mu!"

Motar da ke garin ta Alhaji ce, ta tafi garin Wanke kai ƙanƙara. Aka samo wata a-kori-kura da ke lodin itace, aka shimfiɗa Suwaiba a baya, Wasila na durƙushe tana danne mata ciki da hannu biyu. Suwaiba ta ce tana jin sanyi, ta tambaya ko an ba yaron ruwa. Ba su kai Gusau ba ta cika.

A wurin zaman makoki Alhaji ya fi kowa kusa da liman. Ya aiko da buhun gero da bokitin ƙanƙara, mutane suka yi ta sa masa albarka. Nan ne ya fara cewa, cikin murya mai taushi, yaran yanzu da takarda kawai suke fitowa makaranta, hannunsu bai san aiki ba.

Da aka ji za a turo mai bincike daga Gusau, sai aka maido baturan tun da sassafe, aka haɗa wayoyi. Malam Khalid mai binciken ya iso ya tarar da firji yana gurnani. Ya sa hannu ciki, ya ji sanyi.

"Jiya babu su, Malam," in ji Wasila. "Sati uku suna shagon ƙanƙara. Ka tambayi Yari, shi ya ɗauke su."

Aka kira Yari. Ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Alhaji na zaune a kan benci yana jan carbi.

"Malam Yari, an taɓa fitar da baturan nan?" in ji Malam Khalid.

Yari ya dubi ƙasa. "Ban gani ba."

"Yari!" in ji Wasila. "Matarka ce fa!"

"Ban gani ba," ya sake cewa.

Shugabanta na Bungudu ya ce bai tuna da wata waya ba. Aka yanke cewa sakacinta ne, aka dakatar da ita. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka daina amsa gaisuwarta, wata ma ta janye ɗanta da ta gan ta a bakin rijiya.

Ranar da za ta koma gidan yayanta Mansur a Tsafe, tana zaune a kan jakarta a bakin titi, sai ga Yari ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya so ya kauce, ta kira shi.

"Don me, Yari?"

"Malama, ɗiya huɗu ta bar mini. Inda nike nomawa na Alhaji ne. In ya kore ni, mi za su ci?"

Can ta ce, "Ya jaririn?"

"Nonon akuya muke ba shi. Ba ya zama cikinai, sai amai."

"A dafa shi sosai, a sirka da ruwan da aka tafasa. Ka kai shi asibiti yau, kada ka bari sai gobe."

"Asibitin na rufe tun da kika bari," in ji shi. "Alhaji ya ce sai an kawo wata."

Motar Tsafe ta tsaya, kwandasta ya fizgi jakarta ya jefa a but. Ta shiga, aka matsa mata wuri kusa da wata tsohuwa mai riƙe da kaji. Yari ya tsallaka titi ya nufi gari.