Jan-baki Ba Ya Cin Rogo

A bakin titin Kura, daura da injinan casar shinkafa, akwai rumfuna biyu suna kallon juna. Ɗaya ta Maharazu ce, ɗayar ta Obadiah, mutumin Filato da noman rani ya kawo shi, ciwon baya kuma ya fitar da shi daga gona. Sana'arsu ɗaya: turi. Manomi ya zaro memori daga wayarsa, a zuba masa waƙa da wa'azi da fim, ya tafi gona yana ji.

Maharazu ne ya fara, kwamfutarsa kuma ita ce mai kyau, baƙa wuluk, da ƴan fitilu masu ƙyaftawa. Ta Obadiah kuwa tsohuwar laftof ce da aka ɗaure murfinta da robar tayar keke. Amma abin da ke hana Maharazu cin tuwo da daɗi shi ne, tasa ba ta rabuwa da ciwo. Memori ya zagaya wayoyin rabin gari ya dawo, a cusa mata, sai ta kama nishi, waƙoƙi su ɓace, a kai ta Kano a wanke ta. Tsohuwar Obadiah ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ga shinkafa ta yi nono, lokacin korar tsuntsu ya zo, lokacin da kowa ke wuni a kan kunya da gwangwani da waya, wato kakar masu turi. Ran nan Baballe, shugaban masu ɗaukar buhu, wanda in ya juya mutanensa duk su juya, ya tsallaka titi da memorinsa a hannu, a kan idon Maharazu.

"Baballe, yau kuma ɓatan hanya ka yi?"

"Ina fa! Wancan karon na kai maka wa'azi cike da memori, ka dawo min da shi fayau kamar tukunyar gwauro."

Masu shayi suka kwashe da dariya. Maharazu ma ya yi, amma tasa iyakarta haƙori.

Ya zauna yana lissafi irin na ɗan manomi. Kowa a Kura ya sani, wanda ya yi dashe shi kaɗai, ya riga mutane ko ya makara, shi tsuntsun jan-baki ke tarar wa. Gonar da ta ware ita ake cinyewa. To Obadiah ya ware, don an ce abin da ke cikin laftof ɗinsa ba irin na kowa ba ne. Me ya sa shi ba a cin sa? Wannan dai akwai wani abu a ƙasa. Har leƙa ƙarƙashin teburin ya yi wata rana, bai ga komai ba sai ɓawon rake.

Sai ya zaɓi wani memori da ya sha kwantar da kwamfutarsa har sau ba adadi, ya goge shi da bakin riga, ya tsallaka.

"Baban Bernice, taimaka ka duba min wannan, tawa ta ƙi buɗe shi."

"Kawo, maƙwabci. Zauna mana."

Maharazu bai zauna ba. Ya tsaya yana jiran nishi. Laftof ta buɗe memorin lafiya lau, ta baje komai a fili. Bernice, ƴar Obadiah da ke karatun kwamfuta a Kano ta zo hutu, ta leƙo daga inda take tsince shinkafa.

"Kai, Baba Maharazu, wannan ai gidan bairos ne! Ga su nan reras."

"To me ya hana su kama ta?"

"Ba abincinsu ba ce. Taka Windows ce, irin ta kusan kowa. Wannan Linux na sa wa Baba. Masu ƙera bairos ɓarayi ne, suna son inda jama'a ta taru. Wa zai ɓata lokacinsa a kan ƴan tsiraru? Kuma ita ba ta barin baƙon abu ya zauna sai an ba ta kalmar sirri, kamar ƙofar ruwa mai kwaɗo."

"Amma ai gonar da ta ware ita tsuntsu ke ci."

Obadiah ya yi dariya. "In shinkafa ce ba. Ka taɓa ganin jan-baki a kan rogo?"

Maharazu ya kafa ido a kan robar tayar. "Wato da rogon zai yi yawa, shi ma da ya sami mai cin sa?"

"Ƙwarai kuwa," in ji Bernice. "Ba ta fi ƙarfin ciwo ba. In ta cika gari, za su waiwayo ta."

Ta share masa memorin tas, ta miƙo. Ya karɓa ba godiya sosai, don zuciyarsa ta riga ta tafi wani wuri.

Washegari ya dawo da tsarabar albasa, ya ce Bernice ta sa masa irin ta babanta. Da ya iya sa ta da kansa, sai ya hau babur. Ya je Bunkure, ya je Madobi, har Dawakin Kudu, duk inda mai turi yake sai ya zauna ya kwaɗaita masa, ya sa masa kyauta. Ya bi masu buga takardu, ya bi malaman makaranta. Wasu suka ƙi, suka ce ba ta karɓar injin bugunsu, wasu suka karɓa. Hajara matarsa ta ce, "Malam, wannan son alheri yaushe ya same ka?" Ya ce, "Ke dai bari." A ransa rogo yake shukawa, fili bayan fili, har labari ya kai wa ɓarayin nan, duk ƙasar da suke, cewa ga taro a Kura, su zo su fara da ta Obadiah.

Ɓarayi dai ba su ji ba. Ina Kura, ina idon duniya? Abin da ya faru, kwamfutarsa ta daina zuwa Kano. Kafin a gama yankan shinkafa Baballe ya dawo da mutanensa, don rumfar Maharazu ta fi inuwa, kuma yanzu wa'azi ba ya ɓacewa.

Sai dai mutanen nan suna da al'ada: sabon iri, sunan wanda aka fara gani da shi ake sa masa. Wata ranar kasuwa wani mai turi ya sauka daga adaidaita, daga Bunkure, ya tsaya gaban rumfar Maharazu da kwamfuta a hammata.

"Sannu Malam. An ce kai ne ke sa wa mutane ƴar Obadiah?"

Maharazu ya ɗaga kai. Can tsallaken titi Obadiah na shan rake, ya ɗago masa hannu, tsohuwar laftof na gabansa tana aiki shiru.

"Ajiye nan," in ji Maharazu.